Yadda Ake Zaɓar Man Inji Da Ya Dace Da Mota

Yawancin masu mota ba za su iya gaya maka irin man da ke cikin injinsu ba. Lokacin juye ya yi, sai a kai mota gareji a miƙa mukulli, makanike ya zuba wanda hannunsa ya saba da shi. In kuma mai mota ya zo da nasa galan, sau da yawa makaniken zai ɗiga kaɗan a yatsa ya murza, ya girgiza kai ya ce, "Yallaɓai, wannan ai ruwa ne, ba zai riƙe inji ba." Daga nan a koma wa mai kauri, hankalin kowa ya kwanta.

Murza mai a yatsa ba ya nuna aikin da zai yi a cikin inji. Yatsa yana taɓa man ne yana sanyi, inji kuwa yana aiki da shi ne a zafin da ya kai na tafasasshen ruwa. Kuma kauri daban, inganci daban. Kamar sayen takalmi ne: akwai lambar ƙafa, akwai kyan fata, kuma takalmin da ya fi kowane tsada in bai yi maka daidai ba ciwo zai ji maka. Don haka abu biyu za ka nema a jikin galan, lambar kauri da matsayin inganci, kuma dukansu kamfanin da ya ƙera injin ya riga ya rubuta maka su.

Mataki na farko: nemo abin da maƙerin motar ya rubuta

Buɗe littafin da ya zo da motar, ka je wajen bayanin mai da ruwa, galibi can kusa da ƙarshe. Abu uku za ka kwafa a takarda: lambar kauri irin su 0W-20 ko 5W-30, haruffan inganci irin su API SP ko ACEA C3, da yawan litar da injin ke sha idan an canja har da filta. Motoci da yawa suna ɗauke da lambar kaurin a kan murfin da ake buɗewa a zuba mai, wasu kuma a sitikar da ke maƙale a cikin bonet. Amma a tsohuwar mota kada ka dogara da murfi kaɗai, domin ana iya ciro shi daga wata motar a saka.

In motar ta hannu ce kuma littafin ya ɓace, kamfanoni da yawa sun saka littattafansu a intanet. Sai dai sunan mota kaɗai bai isa ba. Mota iri ɗaya, ƙirar shekara ɗaya, tana iya zuwa da inji iri uku, kowanne da mansa. Ka haɗa da shekarar ƙira, da girman inji, da ko na fetur ne ko na dizal, da ko yana da tabo (turbo), wato na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin inji. Lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 da ke ƙasan gilashin gaba ko a jikin ginshiƙin ƙofar direba ita ce ke raba gardama. Idan kuma an taɓa canja wa motar inji, to man injin da ke ciki yanzu za ka nema, ba na wanda aka cire ba.

Mataki na biyu: fahimci lambobin

Wannan tsarin lambobi na ƙungiyar injiniyoyin mota ce ta Amurka, SAE, kuma duk duniya da shi ake aiki. Ɗauki 5W-30. Lamba biyu ce, kowace tana magana a kan yanayi daban.

Ta farko mai harafin W ta sanyi ce. Tana nuna iyakar sanyin da man zai jure bai yi nauyin da zai hana inji juyawa ba lokacin da aka tayar da shi. Ana gwada 0W a digiri 35 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, 5W a digiri 30 ƙasa da sifili, 10W a 25, 15W a 20, sai 20W a 15. Ƙaramar lamba a nan tana nufin man zai yi saurin zagaya inji da safe.

Ta biyu ita ce kaurin man idan inji ya yi zafi, kuma a digiri 100 ake aunawa. A ma'aunin da ake kira cSt, mai lamba 30 yana tsakanin 9.3 da 12.5, mai 40 daga 12.5 zuwa 16.3, mai 50 daga 16.3 zuwa 21.9. Ka lura da abin da wannan ke nufi: 0W-30 da 5W-30 da 10W-30 duk a aji ɗaya suke idan inji ya ɗau zafi. Bambancinsu a farkon tayarwa ne kawai. Wanda ya ga sifili a gaban lamba ya ce man ya tsinke, bai karanta lambar daidai ba.

Wani abu da ke rikita mutane: sun ga 5 ƙarama, 30 babba, sai su zaci man yana ƙara kauri idan ya ji zafi. Babu man da ke haka. Kowane mai tsinkewa yake yi da zafi. Man 5W-30 a digiri 40 ya ninka kaurinsa na digiri 100 kusan sau shida. Abin da masu haɗa shi suka yi shi ne rage saurin tsinkewar, ta hanyar zaɓen asalin mai da kuma sinadaran da ake ƙara masa. Ma'ana dai, a kowace safiya, ko a ƙasar da ba ta san ƙanƙara ba, man da ke cikin inji ya fi kaurin da injin ke so nesa ba kusa ba, kuma sai ya ɗumama yake komawa daidai.

Akwai awo na uku da ba a cika rubutawa a gaban galan ba, ana kiransa HTHS. Shi ne kaurin man a digiri 150 yayin da ƙarfe ke murza shi da gudu, wato halin da yake shiga tsakanin kiranshaf, babban ƙarfen da fistin ke juyawa, da metal, shimfiɗar ƙarfen da yake juyawa a kai. Za mu sake haɗuwa da shi a gaba.

Mataki na uku: duba yanayi da irin tuƙinka, amma a cikin iyakar littafi

A nan ne gardama ta fi zafi. Hujjar masu son kauri ita ce ana zafin rana, sai mai kauri. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba kamar yadda ake zato ba. Inji mai lafiya yana da tamostat da lagireto da fanka da ke tsayar da zafin ruwansa a wajen digiri 90, ko ana hunturu ko ana zafi. Zafin gari yana ɗan ɗaga zafin mai, musamman a cunkoso ko a doguwar hawa da kaya, amma ba ya mayar da injin da aka ƙera don 5W-20 ya koma mai buƙatar 20W-50.

Injunan zamani an matse su sosai. Ratar da ke tsakanin kiranshaf da metal ba ta cika wuce kashi biyar cikin ɗari na milimita ba. Bayan haka, man ba santsi kaɗai yake bayarwa ba. Shi ne ke tura na'urar da ke canja lokacin buɗewar bawul, wadda kamfanoni ke kira VVT-i ko VTEC ko VANOS, ta cikin wasu 'yan ramuka masu ƙananan rariya. A injuna da yawa shi ke ɗame sarƙar taimin. Shi ke kwashe zafi daga ƙasan fistin da kuma cikin tabo, wanda ke juyawa fiye da sau dubu ɗari a minti ɗaya. Duk waɗannan sun dogara ne ga saurin gudanar mai. Idan ya yi kauri fiye da kima, sai ya makara wajen isa saman inji da safe, ka ji ƙara na 'yan daƙiƙoƙi, shan fetur ya ƙaru, wani lokaci har fitilar inji ta kama saboda taimin bai motsa a kan lokaci ba. Kuma kada allurar firesha ta ruɗe ka. Ganin ta hau sama bayan an zuba mai kauri yana nufin famfo na shan wahalar turawa ne, ba wai man ya fi isa inda ake so ba.

Haka nan tsinkewa fiye da kima tana da nata ɓarnar. Tsohon injin da aka ƙera da faffaɗar rata don 15W-40 ko 20W-50, in ka zuba masa 0W-20, shimfiɗar man da ke raba ƙarfe da ƙarfe za ta yi siriri, fitilar mai ta riƙa ƙyaftawa idan mota na tsaye inji ya yi zafi. Lamba 16, irin ta 0W-16, da aka shigar cikin tsarin a 2013, da 8 da 12 da suka biyo baya, na injunan da aka ƙera musamman dominsu ne. Ba a gwada su a wani injin.

To yaya za a yi? Littattafai da yawa suna da jadawali mai nuna lambobi biyu ko uku da aka yarda da su, kowace da zangon yanayinta. Akwai ma kamfanonin da ke rubuta 0W-20 ga inji a wata ƙasa saboda dokokin tsimin fetur, su kuma halatta 5W-30 ga injin nan a wata ƙasar. Idan littafinka ya ba da zaɓi, kuma kana cikin zafi, ko kana jan tirela, ko ɗaukar kaya masu nauyi, ko doguwar tafiya da gudu, ɗauki mafi kauri a cikin waɗanda aka lissafa. Idan kana inda ake tsananin sanyi ko tafiyarka gajeru ce, ɗauki mai ƙaramar lambar W. In lamba ɗaya tak aka rubuta, ka tsaya a kanta. Saukar da lambar W, misali daga 10W-30 zuwa 5W-30, ba ya cika kawo matsala muddin ingancin ya dace. Lamba ta biyu ce ba a wasa da ita.

Mataki na huɗu: juya galan ka karanta bayansa

Gaban galan talla ne. Abin da kake nema yana baya, da ƙananan haruffa.

Cibiyar man fetur ta Amurka, API, tana amfani da S ga injin fetur, C ga na dizal. Harafi na biyu yana tafiya gaba da zamani: SL ya fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020, SQ kuma a 2025. A ɓangaren fetur sabo yana maye gurbin tsoho. Motar da littafinta ya ce SL za ta sha SN ko SP lafiya lau, amma wadda ta ce SP ba a zuba mata SL. Har yanzu akan ci karo da man da aka rubuta wa SA, wanda babu sinadaran kariya a cikinsa, kuma API da kanta ta ce bai dace da injin da aka ƙera bayan 1930 ba. In ka gan shi, ajiye.

Masu ƙananan injunan fetur da ke da tabo kuma suke fesa fetur kai tsaye cikin silinda su buɗe ido a nan. Waɗannan injuna suna da wata cuta: idan an taka totur inji na juyawa a hankali, fetur kan kama da wuta kafin fulogi ya ba da tartsatsi, kuma bugun da ke biyo baya yana iya fasa fistin. An gano cewa haɗin sinadaran mai yana da hannu a ciki, shi ya sa aka fito da SN Plus a 2018, sannan SP. Irin wannan injin kada a ba shi abin da ya gaza haka.

A dizal akwai CH-4, CI-4, CJ-4, da CK-4 na 2016. Akwai kuma FA-4 da ya fito tare da CK-4, amma shi ba ya maye gurbin sauran, sai injin da aka ce a zuba masa.

Motocin Turai sun fi bin tsarin ACEA, ƙungiyar kamfanonin ƙera motoci ta Turai, kuma shi ba tsani ba ne da za a ce babbar lamba ta fi ƙarama. A3/B4 mai ne da HTHS ɗinsa bai gaza 3.5 ba, A5/B5 kuma ya fi shi tsinkewa don tsimin fetur. Rukunin C, irin su C2 da C3 da C5, an rage musu toka da farar wuta da fosfarus domin kada su toshe matatar hayaƙin da ke cikin salansar motocin dizal na zamani, wato DPF. A saman wannan kuma kamfanoni suna da nasu lambobin amincewa: Volkswagen na da 502 00 da 504 00/507 00, Mercedes-Benz na da 229.5 da 229.51, BMW na da Longlife-01 da Longlife-04, General Motors na da dexos1. Idan littafinka ya ambaci irin wannan lambar, ita ce kan gaba.

Ga misali. Motarka ta dizal ce mai DPF, littafi ya ce 5W-30 ACEA C3. A gabanka galan biyu ne, kamfani ɗaya, girma ɗaya, dukansu an rubuta 5W-30 ɓaro-ɓaro. Ka juya na farko ka ga A5/B5, ka juya na biyu ka ga C3. Na farkon ya fi tsinkewa a cikin metal fiye da yadda injinka ke so, kuma tokarsa za ta riƙa taruwa a matata sannu a hankali har ta toshe. Ba za ka ji komai ba a ranar da aka zuba, ko a watan. Na biyun shi ne naka, ko da mai sayarwa ya rantse maka duk ɗaya ne.

Ka kuma kula da lafazin rubutun. Akwai man da kamfanin mota ya gwada ya amince da shi a rubuce, akwai wanda mai haɗa man ne da kansa ya ce ya dace. Na biyun ba lalle ya zama marar kyau ba, amma in motar tana ƙarƙashin garanti, na farkon za ka saya.

Mataki na biyar: minaral ko sintetik

Wannan bai kai sauran wahala ba. Minaral shi ne wanda aka tace daga ɗanyen mai ta hanyar da aka saba. Sintetik an sarrafa shi sosai ko an haɗa shi a masana'anta, don haka ya fi jure zafi, ya fi gudu a sanyi, kuma ya fi jinkirin yin laka a cikin inji. Akwai gaurayen su biyun. Lambobi irin su 0W-20 kusan duk sintetik ne, saboda haka wanda littafinsa ya ce haka zaɓi ya riga ya ƙare masa. Inji mai tabo ma ni ba zan ba shi minaral ba. Tsohon inji marar tabo da ake yi wa juye a kan kari kuwa, minaral mai ingancin da aka ce ya ishe shi.

Maganar cewa in ka koma sintetik ba ka isa ka dawo ba, ko cewa yana huda sil, ba ta da tushe a mayukan yanzu. Abin da kan faru shi ne, a injin da laka ta toshe tsohon sil ɗin da ya riga ya bushe, sabon man ya wanke lakar, yoyon da ke ɓoye ya fito fili.

Mataki na shida: idan injin ya tsufa yana shan mai

Kafin ka ƙara kauri, gano inda man yake tafiya. Ɗigo a ƙasa inda mota ta kwana yoyon gaskit ne ko sil. Shuɗin hayaƙi da zarar an tayar da safe, wanda ke ɗaukewa bayan ɗan lokaci, ya fi nuna sil ɗin bawul. Shuɗin hayaƙi lokacin da aka taka totur ya fi karkata ga ringi ko tabo. Akwai kuma ɗan ƙaramin bawul mai fitar da iskar cikin inji, PCV, wanda in ya lalace yake jawo shan mai, kuma canja shi ba wani babban aiki ba ne. Idan an duba an tabbatar cin jiki ne na tsufa, hawa mataki ɗaya, daga 5W-30 zuwa 5W-40 misali, yana iya rage shan man ya kuma ɗaga firesha. Mataki ɗaya na ce. Tsalle daga 20 zuwa 50 rufe ciwo ne kawai, kuma yana iya haifar da wani. Akwai mayukan da ake haɗawa don motocin da suka yi doguwar tafiya, masu sinadarin da ke tausasa sil, su ma sun cancanci gwaji kafin a taɓa lamba.

Mataki na bakwai: saye, zubawa, da dubawa

Duk wannan lissafi ya tashi a banza in man jabu ne. Sayi galan a rufe, zoben murfinsa bai tsinke ba, rubutunsa bai dusashe ba, da lambar haɗi da ranar da aka cika shi a jiki. Ka guji man da ake aunowa daga buɗaɗɗen duro sai in ka san tushensa. Kuma ka tsaya a buɗe galan ɗin a gabanka.

Kada lambar man giya ta ruɗe ka. Su 75W-90 da 80W-90 wani ma'auni ne daban, kuma ba sa shiga inji. Babur mai kulocin da ke jiƙe cikin mai shi ma nasa daban ne, mai alamar JASO MA, domin man mota na iya sa kulocin ya riƙa zamewa.

A canja filta tare da mai. A zuba adadin litar da ka kwafa, a tayar da inji na ɗan lokaci, a kashe, a jira minti biyar zuwa goma mota na tsaye a wuri madaidaici. Zaro geji, goge shi da tsumma mai tsabta, mayar da shi har ƙarshe, sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamomi biyun nan, kusa da ta sama amma kada ya haura ta. A motoci da yawa tazarar da ke tsakaninsu wajen lita ɗaya ce. Cika fiye da kima yana sa kiranshaf ya riƙa kaɗa man ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta raba ƙarfe da ƙarfe.

Baƙin da mai ya yi ba shi ne alamar ya mutu ba, na dizal ma cikin ɗan lokaci yake yin baƙi domin yana kwashe ƙunar da ke cikin inji. Wanda ya kamata ya tayar maka da hankali shi ne man da ya yi fari-fari kamar an dama shi da ruwa, ko wanda ke ƙaruwa a geji yana warin fetur. Lokacin juye kuma littafi yakan ba da jadawali biyu, na tuƙin yau da kullum da na tuƙi mai wahala. Ƙura, cunkoso, gajerun tafiye-tafiyen da inji ba ya kai ga ɗaukar zafi, da jan kaya duk suna cikin na biyun, kuma mutane da yawa a nan suke ba su sani ba. Ko mota ba ta yi tafiya ba, yawancin littattafai sun ce kada mai ya wuce shekara ɗaya a ciki.

In kana kan hanya geji ya nuna mai ya yi ƙasa kuma ba ka sami irin naka ba, zuba man injin da ka samu mafi kusa da lambarka, domin mayukan inji suna gauraya da juna, kuma tafiya da ƙarancin mai ta fi haɗari nesa. In ka isa sai ka matso da ranar juye. Rubuta lambar man, da haruffan ingancinsa, da kilomitar da mota take kai a ƙaramar takarda ka ajiye a aljihun dashbod, domin juye na gaba ko wani ne ya kai motar gareji ya san abin da zai ce a zuba.